Saniyar da ke roƙon a ci ta: shin yardar dabba tana wanke mai wuƙa?

A shekarar 1980 wani marubucin barkwanci ɗan ƙasar Ingila, Douglas Adams, ya ba da labarin wasu matafiya da suka shiga gidan abinci, sai aka koro musu wata dabba mai kama da saniya har gaban teburinsu, da ranta da lafiyarta. Dabbar ta gaishe su da baki irin na mutane, sannan ta shiga tallata musu jikinta gaɓa-gaɓa: ta nuna kafaɗa, ta yaba naman bayanta, ta ce ta yi watanni tana ɗura wa kanta abinci domin hantarta ta yi laushi. Ɗaya daga cikin matafiyan ya ji abin ya tayar masa da zuciya, ya ce shi ganye kawai zai ci, sai abokin tafiyarsa ya ce masa ai gara cin dabbar da take so a ci ta da cin wadda ba ta so. Da aka gama zaɓe, dabbar ta juya ta tafi domin ta harbe kanta. An rubuta labarin ne don a yi dariya, amma masana falsafa ba su bar shi ya tsaya a dariya ba, har wani daga cikinsu, Julian Baggini, ya raɗa wa littafinsa na 2005 sunan aladen da yake so a ci shi. Alade dai a wurin Musulmi ba ya buƙatar dogon bincike, ya yarda ko bai yarda ba, don haka bari mu tsaya a kan saniyar.

Mai karatu a Bauchi yana iya cewa wannan zancen waɗanda suka ƙoshi ne, mu da muke lissafin kuɗin rabin kilo ina ruwanmu da saniya mai magana. Sai dai mu mutane ne da rayuwarmu take ɗaure da yanka: ragon suna, ragon layya, kazar baƙo, balangu da tsire a bakin titi bayan magariba, ga shanun da ake hada-hadarsu a kasuwannin Mararrabar Liman Katagum da Soro da Alƙaleri da Azare. Amfanin irin wannan tambaya shi ne tana cire abu guda daga cikin yanka, wato ƙin da dabbar take yi, domin a ga ko da sauran abin da zai dame mu. Idan ƙin dabbar ne kaɗai matsalar, to saniyar da ta yarda ta kashe magana. Idan kuwa ta yarda amma zuciya ta ƙi kwanciya, to akwai wani abu a cikin lamarin da ba a ambata ba tukuna. Ni a ganina yardar ba ta wanke mai wuƙa, kuma dalilin hakan ya fi shafar ragon da ke turke a gidajenmu fiye da saniyar da ba ta taɓa wanzuwa ba.

Sai an yarda cewa dabba tana ji kafin tambayar ta yi ma'ana, kuma wannan ba darasi ba ne da za a koya wa makiyayi ko mahauci. Bafulatani ya san saniyar da aka raba da maraƙinta takan kwana tana kuka, ya kuma san shanunsa suna bambanta muryarsa da ta baƙo. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙafar rago ranar Babbar Sallah, alhali ɗan'uwan ragon yana ɗaure a kusa, ya ga yadda na turken yake ja da baya har igiya ta shaƙe shi, ido a waje, yana sakin fitsari, harawar da yake wawura ɗazu yanzu ko kallonta ba ya yi. Masana ne suka daɗe kafin su iso inda makiyayi yake. A ƙarni na 17 akwai masu ilimi a Turai da suke ɗaukar dabba a matsayin inji mai motsi kawai, sai a 1789 masanin falsafa ɗan Ingila Jeremy Bentham ya rubuta cewa abin tambaya game da dabbobi shi ne ko suna shan wahala, ba wai ko suna iya tunani ko magana ba. A 2012 wasu masana ƙwaƙwalwa suka taru a Kambirij ta Ingila suka fitar da sanarwar cewa dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna da sassan ƙwaƙwalwar da ke haifar da ji da sanin abin da ke faruwa da su, sannan a 2022 Birtaniya ta yi dokar da ta sanya har ƙaguwa da jatan lande cikin masu ji. Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka yi a Jami'ar Biristol aka buga a 2000, inda aka ajiye wa kajin gidan gona abinci iri biyu, ɗaya an gauraya shi da maganin kashe ciwo, sai aka ga kajin da suka gurgunce sun fi lafiyayyun cin mai maganin, kuma gwargwadon tsananin gurguntar gwargwadon yawan abin da suke ci daga cikinsa.

Ya kamata a ba mai kare saniyar Adams haƙƙinsa, domin hujjarsa tana da ƙarfi. Tambayarsa ita ce, me ake ƙi a yanka in ba tsoro da ciwo da raba mai rai da ransa alhali yana son ci gaba da rayuwa ba? To ga dabbar da ba ta jin tsoro, wadda babban burinta a duniya shi ne ta ƙare a tukunya, hana ta ma shi ne zai zama zalunci. Masu auna kyawun aiki da gwargwadon daɗi da wahalar da ya haifar, irin su masanin falsafa Peter Singer, wanda littafinsa na 1975 ya tayar da ƙurar kare dabbobi a Turai da Amurka, zai yi musu wuya su sami inda za su kama wannan hujja, tunda ba a ƙuntata wa kowa ba. Ya kuma ƙara da cewa ba don za a ci ta ba da ba a samar da ita ba tun farko, saboda haka ba ta da bakin cewa an cuce ta, zaɓin bai wuce ta zo duniya a haka ko kada ta zo sam ba. Akwai ma wuri ɗaya da yake da gaskiya ko da ba daɗin ji: mutumin da ya ƙyamaci saniya mai yarda, amma ya fita ya sayi tsiren wadda aka ja ta zuwa kwata tana turjewa, ba tausayi ne ya hana shi cin ta farkon ba, haɗa ido da abincinsa ne ba ya so.

Inda hujjar take fara tsagewa shi ne idan aka tambayi wace irin yarda ce wannan. Yarda ba ta ƙulluwa sai daga mai hankalin da ya san abin da yake amincewa da shi, shi ya sa a fiƙihu cinikin mahaukaci ba ya ƙulluwa, na yaro kuma yana jiran amincewar waliyyinsa ko da yaron ya rantse cewa shi ya so. Kafin dabba ta yarda da mutuwarta yarda ta gaskiya, sai ta san mece ce mutuwa, ta san gobe da jibin da za ta rasa, ta auna, sannan ta zaɓa. Idan ba ta kai wannan matsayi ba, abin da muke kira yardarta wata ɗabi'a ce kawai da aka dasa mata, tana jan ta zuwa inda ba ta sani ba, kuma ba a kafa hujja da irin wannan. Idan kuwa ta kai, to mun fita daga babin dabbobi mun faɗa wani babi mai nauyi, domin halittar da take magana, take tuna jiya, take shirya gobe, take fahimtar mutuwa, ta riga ta mallaki mafi yawan siffofin da masana suke lissafawa idan suna bayanin abin da ya sa ran mutum ba abin taɓawa ba ne.

Hukuncin mai hankalin da ya ce a kashe shi kuwa sananne ne. A 2001, a garin Rotenburg na ƙasar Jamus, wani mutum ya yi cigiya a intanet yana neman wanda zai yarda ya yanka shi ya cinye, wani kuma ya amsa, ya zo da ƙafarsa, aka ɗauki yardarsa a bidiyo, aka aikata abin. Kotu ta fara yanke wa makashin shekara takwas da rabi a 2004, aka sake shari'ar, a 2006 aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Sashe na 299 na dokar laifuka da ake aiki da ita a kudancin Najeriya ya faɗi a fili cewa yardar mutum da a kashe shi ba ta rage alhakin wanda ya kashe shi. Malaman Malikiyya sun riga kowa zuwa wannan wuri, domin a Muhtasar na Shehu Halil an ambaci cewa ko da mamacin ya ce wa makashinsa tun farko, in ka kashe ni na yafe maka, ƙisasi bai faɗi ba, kuma masu sharhi sun ba da dalilin cewa ya yafe haƙƙi ne tun kafin haƙƙin ya tabbata. Ƙarƙashin wannan duka akwai fahimtar cewa rai amana ne a hannun mai shi, ba dukiyarsa ba ce da zai yi kyauta da ita, kamar yadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana mutum kashe kansa. Saboda haka saniyar tana tsakanin abu biyu: ko dai hankalinta bai isa ya sa yardarta ta zama yarda ba, ko kuma ya yi yawan da yardar ba za ta halatta jininta ba.

Akwai matsala ta biyu wadda ni na fi ganin girmanta, ita ce tambayar wa ya sa mata wannan so. A labarin, dabbar da kanta ta bayyana cewa kiwon ta aka yi musamman domin ta so a ci ta kuma ta iya faɗin hakan da bakinta. Wato mai cin naman shi ne ya zauna ya tsara zuciyar da za ta ba shi izini, sannan ya dawo yana nuna izinin a matsayin shaida. Wannan daidai yake da mutum ya rubuta wa kansa takardar yafe bashi, ya kama babban yatsan mai bin sa ya dangwala a kai, sannan ya kai wa alƙali. Yardar da ba ta da damar zama ƙi ba ta ƙara wa kowa sanin komai, domin tun kafin a haifi dabbar an san amsar da za ta bayar. Mu ke da wuƙa, mu ke da nama, yanzu kuma muna so mu zama mu ke da bakin da zai ce an yafe.

Mai kaifin hankali zai mayar da martani cewa ai ba wanda ya zaɓi abin da yake so. Uwa ba ita ta dasa wa kanta son ɗanta ba, Bahaushe bai zaɓi ya fi son tuwo da miyar kuka a kan abincin wata ƙasa ba, kowannenmu ya taso ne ya tarar da zuciyarsa an riga an gina ta da halitta da tarbiyya, to don me son saniyar zai zama na bogi, namu ya zama na gaske? Wannan martani yana da nauyi, kuma ba na jin ana iya ture shi gaba ɗaya. Amma akwai bambanci biyu da bai share su ba. Na farko, son da uwa take yi wa ɗanta, da ƙishirwar da take kai mu ga ruwa, suna yi wa mai su aiki ne, su raya shi ko su raya zuriyarsa, alhali son da aka dasa wa saniyar yana yi wa wanda ya dasa shi aiki ne, a kan asarar mai ɗauke da shi. Na biyu, mutum yana iya juyowa ya tuhumi abin da yake so, ya bar taba bayan shekara talatin, ya fasa auren da ya nace a kai, kuma wanda ya ba da ƙodarsa ga ɗan'uwansa yana da ikon fasawa har zuwa ƙofar ɗakin tiyata. Saniyar da aka ƙera ta yadda ba za ta taɓa fasawa ba an riga an cuce ta tun ranar ƙerawa, kuma murmushin da take yi a gaban tebur wani ɓangare ne na cutar.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne addininmu bai taɓa jingina halaccin yanka a kan yardar abin yankan ba, alhali labarin yarda yana tsakiyar ibadar layya. A Suratus Saffat, aya ta 102, Annabi Ibrahim ya gaya wa ɗansa mafarkin da ya yi, ya kuma nemi ra'ayinsa, ɗan ya ce ya babana, aikata abin da aka umarce ka, za ka same ni in Allah ya so cikin masu haƙuri. Ga mai hankali, ga sani, ga yarda cikakkiya wadda ba a taɓa ganin irinta ba, amma wuƙa ba ta ci shi ba, aka fanshe shi da abin yanka mai girma, wanda masu tafsiri suka ce rago ne. Wanda ya yarda bai mutu ba, wanda ba a tambaya ba shi aka yanka. Ko a cikin amsar ɗan ma, bai ce yanka ni domin na ba ka izini ba, ya mayar da maganar ne ga umarni. A wannan tsari izini daga Mahaliccin rai yake zuwa, shi ya sa ake ambaton sunansa kafin a ɗora wuƙa, kuma izini ne mai sharaɗi, wanda bai mayar da dabbar dutse ba, tunda aya ta 38 ta Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu.

Har ma akwai ruwayar dabbobin da suka yi rige-rigen zuwa wuƙa. Abu Dawud ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, raƙuman hadaya biyar ko shida, sai suka riƙa matsowa kusa da shi, kowanne yana son a fara da shi. Malamai sun lissafa wannan cikin mu'ujizoji, amma ba wanda ya fitar da hukunci daga ciki cewa raƙumin da ya matso ya fi halatta, ko wanda ya turje ya haramta. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiranmu suke karantawa a zaure, tana maganar yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, da kada a ɗage hannu kafin a gama, babu inda ta ce a tambayi tunkiya. Abin dariyar ma shi ne saniyar Adams da ta je ta harbe kanta, a ma'aunin aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, mushe ce, duk ladabinta da kyautarta sun tashi a banza, ko malamin da ya fi kowa sassauci ba zai ba da fatawar cin ta ba.

Duk da haka ɗan Adam bai taɓa daina sha'awar jin cewa abin yankansa ya yarda ba. Tsoffin rubuce-rubucen Girka sun ambaci yadda ake yayyafa wa dabbar hadaya ruwa a ka, idan ta kaɗa kai sai a ce ta amince, ko da yake masana tarihi suna saɓani kan yawan yin hakan. Mu ma muna da namu. A kara ana gab da Sallah za ka ji dillali yana cewa, Alhaji, dubi yadda yake kallonka, wallahi wannan ragon kai ya zaɓa, rabonka ne. Akan gaya wa yaron da ya shaƙu da ragon gidansu cewa kada ya yi kuka, ragon murna yake yi, shi zai ɗauki babansu a kan siraɗi, alhali malaman hadisi sun ce ruwayar da ake jingina wannan magana da ita mai rauni ce ƙwarai. Ba na ganin laifin uwar da ta lallashi ɗanta da haka. Amma ya kamata babba ya san cewa lallashi ne, kuma buƙatar lallashin ita kanta shaida ce cewa zuciya ta san an ɗauki wani abu mai nauyi. Hausawa da suka ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta sun fi faɗin gaskiya, domin ba su ce kazar ta yarda ba.

Idan wani yana ganin zancen ƙera dabba domin ta dace da cikinmu tatsuniya ce, to ya shiga ɗakin kajin gidan gona a cikin zafin watan Afrilu. Masana a Jami'ar Alberta ta Kanada sun yi kiwon irin kajin nama na 1957 da na 2005 da abinci iri ɗaya, suka buga sakamakon a 2014: a kwana 56 kazar 1957 tana da nauyin giram 905, ta 2005 kuwa giram 4,202. Ba a koya wa wannan kaza son wuƙa ba, amma an zaɓi iri bayan iri har aka samu wadda cinta ba ya ƙarewa, ƙirjinta yana girma fiye da abin da ƙafafunta da zuciyarta za su ɗauka. Wanda ya yi kiwon su ya san siffar: a mako na shida za ka ga wata ta yi taku uku ta zube kusa da mazubin ruwa, baki a buɗe tana haki, gashin ƙirji ya zube saboda yawan kwanciya a kan dusar katako mai laima, wata kuma da safe a tarar da ita a rigingine ta mutu ba ciwon komai. Kazar gida da take wata biyar ko shida kafin ta isa yanka tana tashi sama ta hau katanga idan ta ga shaho. Iyayen kajin nama, waɗanda ake bari su girma domin su yi ƙwai, sai an ƙayyade musu abinci ƙwarai, domin in aka bar su su ci yadda suke so ƙiba za ta lalata su, saboda haka suna rayuwa ne cikin yunwa. Idan aka tambayi wannan kaza me take so, amsarta ita ce abinci, kuma mai gona zai iya cewa da gaskiyarsa abin da take so yake ba ta. Alƙaluman Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna ana yanka kaji fiye da biliyan 70 a duniya kowace shekara, mafi yawansu irin waɗannan.

Tunanin bai tsaya nan ba. Wani bincike da aka buga a 1985 a Kanada ya nuna cewa wani irin kaji da ake ƙyanƙyashewa makafi ba sa fige gashin juna kamar masu gani, har ma sun fi yin ƙwai, daga nan masana suka shiga muhawara ko ya dace a riƙa kiwon makafin tunda sun fi zama lafiya a cunkoso. A 2009 wani masanin falsafa, Adam Shriver, ya ba da shawarar a yi amfani da ilimin ƙwayoyin gado a samar da dabbobin da ba sa jin raɗaɗin ciwo, bisa gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye. Niyyarsa ta tausayi ce, yana ganin tunda mutane ba za su daina cin nama ba gara a rage wahalar. Amma hanyar ita ce dai ta saniya mai yarda: keji ya yi wa kaza kaɗan, maimakon a faɗaɗa kejin sai a rage kazar. Kowane mataki yana da hujjar da za a iya karewa, sai an tsaya an dubi inda matakan suka nufa sannan a ga cewa abin da ake gyarawa shi ne ikon dabbar na nuna an cuce ta. Naman da ake renonsa daga ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, wanda aka fara ɗanɗanawa a bainar jama'a a Landan a 2013, Singafo kuma ta halatta sayar da shi a 2020, ya fi wannan tsabta ta fuskar tunani, domin babu mai ji a cikinsa balle a yi masa dabara. Shi ma yana da tasa tambayar a wurin malamai, saboda hadisin da ya ce abin da aka yanko daga dabba tana raye mushe ne.

Dabbobin da muke da su a zahiri suna faɗin abin da suke so kullum, kuma ba ya buƙatar tafinta. Suna son ruwa, suna son inuwa, suna son wurin da za su kwanta su miƙe ƙafa, ba sa son ganin jinin 'yan'uwansu. Malamin fiƙihu Izzuddin bn Abdissalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, daga ciki akwai ciyar da su ko sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a amfana da su, da kada a ɗora musu abin da ba za su iya ba, da kada a haɗa su da abin da zai karya su ko ya soke su ko ya ji musu rauni, da kada a fara fiɗa ko karya ƙashi sai jiki ya yi sanyi rai ya gama fita, da kada a yanka 'ya'yansu a gaban idonsu. Hadisi na 17 a Arba'una, wanda ɗaliban Islamiyya suke haddacewa tun suna ƙanana, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku yi yanka ku kyautata yankan, ɗayanku ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. An kuma ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi ya ga wani ya kayar da akuya yana wasa wuƙa tana kallonsa, sai ya tambaye shi ko so yake ya kashe ta sau da yawa, don me bai wasa ba kafin ya kwantar da ita.

A ɗora wannan jeri a kan tirelar da ake lodin shanu zuwa Legas, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Ana kwantar da su a jere, a ɗaure ƙaho da jikin mota, wuya a lanƙwashe, ƙahon wannan a haƙarƙarin wancan, a shimfiɗa katako a sama a ɗora awaki da mutane, kuma sau da yawa ba ruwa ba ciyawa sai an sauka. Wadda ta kasa tashi a wurin saukewa akan murɗe mata wutsiya ko a yi ta dukanta har ta miƙe, in ta gagara a yi sauri a sa mata wuƙa kafin ta zama asara. A kwata kuma ba baƙon abu ba ne a kayar da sa a kan jinin wanda ya riga shi, sauran suna tsaye suna kallo, yaran mahauta su fara fiɗa ƙafa tana motsi saboda ana sauri a kai nama kasuwa. Masu wannan aiki ba mugaye ba ne, kuɗin mota da harajin hanya da ƙarancin wuri ne suke matsa su, kuma kowace saniya da aka rage a lodi tana ƙara wa kilo tsada a kan mai saye, wato ni da mai karatu. Gyaran kuwa yana hannun mutanen da muka sani da sunayen muƙamansu: Sarkin Fawa da zai iya hana fiɗa kafin rai ya fita, shugabannin kara da za su iya ƙayyade yawan lodi da wuraren shayarwa a hanya, likitocin dabbobi da suke duba nama a mayanka, da hukumar da za ta iya gina ɗan bango tsakanin wurin jira da wurin yanka. Limamanmu suna yin huɗuba mai kyau kafin Babbar Sallah kan shekarun rago da aibobin da suke hana layya, ido ɗaya da gurguntaka da rama da ciwo bayyananne, ya kamata su ƙara da zancen ragon da ake saya tun saura kwana uku a ɗaure shi a rana a ƙofar gida da igiyar da ba ta kai ya kwanta ba.